Na kare kundina, amma babu sunana a cikin waɗanda za a yaye

Maman_Hanif:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah waɗanda suka san kan abin ku taimaka min. Digiri na biyu nake yi a wata jami'ar tarayya a nan Arewa. Na gama kwasa-kwasaina tun bara, na yi semina, na yi difens, wato kare kundi, na cikin gida, daga baya mai jarrabawa na waje ya zo na kare kundina a gabansa. Gyaran da ya ba ni ba mai yawa ba ne, na yi, malamin da ke duba aikina ya sa hannu, na kai an yi wa kundin bango mai kauri, na miƙa a sashe. Jiya aka liƙa sunayen waɗanda za a yaye a bikin wata mai zuwa, na duba sama da ƙasa babu nawa. Da na je ofishin makarantar manyan digirori, wata ma'aikaciya ta ce sakamakona bai je gaban majalisar dattawan jami'a ba tukuna. To shin zan iya karɓar riga in shiga bikin ko da babu sunana? Idan kuma wannan ya wuce ni, sai na jira wani bikin kafin a ba ni takardata? Hankalina a tashe yake wallahi, 'yan uwa har sun fitar da anko, mahaifiyata kuma ta gama shirin tahowa daga ƙauye.

Abu_Safiyya:
Wa alaikumus salam. Barka da arziki tukuna, Allah ya sanya albarka. Amma maganar gaskiya, idan babu sunanki a jerin nan ba za su ba ki riga ba. Da jerin ake raba rigunan.

Zee_Funtua:
Ayya Maman Hanif, sannu. Ki kwantar da hankalinki, mai wuyar kin riga kin yi ta.

Baba_Mai_Ritaya:
'Yata, bari in yi miki bayanin yadda abin yake tafiya, don a ofishin magatakarda na yi aiki har na ajiye. Ranar da kika kare kundi ba ita ce ranar da kika samu digiri ba. Abin da mai jarrabawa na waje ya yi shi ne ya rubuta rahoto ya ce a ganinsa kin cancanta. Shawara ce ya bayar. Wannan rahoto, da sakamakon kwasa-kwasanki, da takardar da ke nuna kin yi gyara, za su je gaban kwamitin manyan digirori na sashenku. Daga nan su wuce na tsangaya. Daga tsangaya su je hukumar makarantar manyan digirori. Ita ce za ta kai su majalisar dattawan jami'a, wadda muke ce wa Sanet. A dokar jami'a ita kaɗai ke da ikon cewa wane ya samu digiri.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kwamitocin yana da ranar zamansa. Idan fayil ɗinki ya iso kwana ɗaya bayan an tashi daga zama, sai ya jira zama na gaba. Shi kuma littafin biki, wanda ake buga sunaye a ciki, makonni kafin ranar ake kai shi maɗaba'a, don haka ana tsayar da wani zaman Sanet a ce daga kansa an rufe. Wanda aka amince da nasa bayan nan sai biki na gaba.

Ki ɗauke shi kamar aure. Zaman Sanet shi ne ɗaurin aure, bikin yaye ɗalibai kuma walima ce. Aure yana ɗauruwa ko ba a yi walima ba, amma ba a yin walimar auren da ba a ɗaura ba.

Ɗan_Kurmi:
Baba, wato dai ita yanzu rana aka sa, ba a kai ga siga ba 😂

Maman_Hanif:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. To tambayata ta biyu fa? A wurin aiki an ce in kawo shaida kafin ƙarshen shekara idan ina son a sa ni cikin ƙarin girma na bana.

Baba_Mai_Ritaya:
Wannan ba ta da alaƙa da biki. Da zarar Sanet ta amince, za ki iya neman takardar sanarwar sakamako, wadda ke cewa an ba ki digiri kaza a rana kaza. Yawancin ma'aikatu suna karɓarta kafin babbar takarda ta fito. Ita babbar, wasu jami'o'in ba sa sakinta sai bayan biki, wasu kuma da an buga an sa hannu sai a kira ku. Kuma ranar da za ki gani a jiki ita ce ranar zaman Sanet, ba ranar biki ba.

Malam_Lissafi:
Ranka ya daɗe Baba, a nan ina da ɗan gyara. Ba ko'ina ne ake sa ranar zaman Sanet ba. Akwai jami'o'in da ranar da ɗalibi ya kare kundi suke ɗauka, akwai kuma waɗanda suke ɗaukar ranar da aka tabbatar ya kammala gyara. Sanet ta amince daga baya, amma a rubuta cewa digirin ya fara aiki daga waccan ranar. Maman Hanif, ki buɗe littafin ƙa'idojin da aka ba ku lokacin rajista, akwai sashen da ya yi magana a kan wannan. Yana da muhimmanci a gare ki, domin idan ranar difens jami'arku ke amfani da ita, ko a watan Janairu takardar ta fito za ta nuna bana kika gama.

Baba_Mai_Ritaya:
Haka ne Malam, kowane gida da al'adarsa. Na faɗi yadda muke yi ne a inda na yi aiki.

Gwanin_Hoto:
Hajiya ki zo kawai. Mu masu hoto muna da riguna da huluna a bakin ƙofa, kowace kala. Ki sa, a ɗauke ki da Mama da 'yan anko, kowa ya tafi gida yana murna. Wa zai tambaye ki jerin sunaye a gindin bishiya?

Ummu_Khairat:
Kai Gwani, kasuwa kake nema. Ni dai ban goyi bayan wannan ba. Hoton zai shiga Facebook da WhatsApp, mutanen ofis ɗinsu su gani, gobe a ce kawo takarda ta ce ba ta fito ba. Me za a ɗauke ta? Kuma Allah ya kiyaye, idan aka dawo da fayil ɗin saboda wata matsala fa?

Gwanin_Hoto:
Yaya Ummu, ai ba ƙarya ta yi ba. Ta yi karatun, ta kare kundin. Rigar kawai za ta ara.

Ummu_Khairat:
Rigar ai magana take yi. Duk wanda ya gan ka a cikinta ya san abin da kake nufi.

Sadiq_Birmingham:
Abin da Gwani ya faɗa, a wasu ƙasashen a hukumance ake yin sa. A Amurka jami'o'i da yawa suna barin ɗalibin da abin da ya rage masa kaɗan ne ya shiga bikin watan Mayu, bisa sharaɗin zai ƙarasa a zangon da ke biye. Sai ya cike fom ya nemi izini. Abin da ake miƙa musu a kan dandamali ma bango ne kawai, babu takarda a ciki, ita sai bayan makonni ake aiko da ita ta gidan waya. Mai digiri na uku kuma malamin da ya duba aikinsa ne ke rataya masa mayafin nan na wuya a gaban jama'a.

A nan Ingila ba haka ba ne, sun fi kama da mu. Sai ka yi jarrabawar baka, kai da masu jarrabawa biyu a ɗaki, na ciki da na waje. Idan ƙaramin gyara ne yawanci a ba ka kamar wata uku. Sai an tabbatar da gyaran, ka ɗora kundin a rumbun laburare, sannan sunanka ya shiga. Kuma idan ana bin ka kuɗin makaranta ba za ka ga takarda ba. Sauƙin da suke da shi shi ne galibi sau biyu ake biki a shekara, wajen Yuli da kuma lokacin sanyi, don haka wanda ya rasa ɗaya ba zai daɗe yana jira ba. 'Yan Najeriya da yawa ma ba sa halarta, sun riga sun koma gida, sai a yaye su a bayan idonsu a aika musu takarda.

Ɗan_Kurmi:
Sau biyu a shekara? Mu nan akwai inda ake tara na shekara uku ko huɗu a yi rana ɗaya.

Malam_Lissafi:
Wannan ma da dalili. A 2020 ASUU ta yi yajin aiki na wata tara, ga kuma korona. A 2022 aka sake yin wani daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Lokacin yajin aiki babu zaman sashe, babu na tsangaya, babu Sanet, babu mai gayyato ɗan jarrabawa daga waje. Komai tsayawa yake yi. Ga kuma kuɗi, bikin nan yana cin kuɗi ba kaɗan ba. Shi ya sa aka riƙa haɗa su.

Hajiyar_Makaranta:
Malam ka taɓo min inda yake min ciwo. Ni yajin aikin 2022 ya same ni ina jiran mai jarrabawa na waje. Da aka dawo, aka ce sai na sake biyan kuɗin rajista na sabon zango, don ba a kare kundi sai kana cikin ɗalibai masu rajista. Na biya. Bayan na gama kuma aka zo kiliyaransi: laburare, ofishin kuɗi, asibitin makaranta, sashen kula da ɗalibai, har da ɗakin kwanan da ban taɓa kwana a ciki ba sai da suka buga min hatimi. A ofishin kuɗi aka ce in kawo rasit na kowane zango tun daga na farko. Na shekarar farko tawadarsa ta koɗe, lambar Remita ɗin ba ta karantuwa. Sai da na tono tsohon imel ɗina na samo lambar, aka sake buga min. Don haka Maman Hanif, tun yanzu ki tattara rasit ɗinki wuri ɗaya, ki ɗauki hotonsu a waya. Ba sai Sanet ta zauna za ki fara nema ba.

Zee_Funtua:
Wallahi Hajiya gaskiya ne. Har takardar bautar ƙasa ta NYSC sai da aka sake neman tawa a ƙarshe, alhali na bayar da ita tun ranar da aka ɗauke ni.

Nazir_Gashuwa:
Ku ƙara da NERD, tsarin da gwamnatin tarayya ta fito da shi a 2025 na ɗora kundayen bincike a rumbu ɗaya na ƙasa. Ki tambaya ko jami'arku ta sa shi cikin sharuɗɗan kiliyaransi, kada ya zo miki ba zato.

Abu_Safiyya:
Ni fa abin da ban gane ba, mutum ya kare kundi wata biyu da suka wuce amma har yanzu fayil bai isa Sanet ba? Wannan ba sakaci ba ne? Wani ne kawai ya danne shi a durowa.

Malam_Lissafi:
Yana iya zama haka, ba zan kare kowa ba. Amma bari in gaya maka abin da nake gani da idona, tunda na taɓa riƙe aikin jami'in manyan digirori a sashenmu. Sau da yawa abu ƙarami ne ke tsayar da fayil. Shafin sa hannu shi ne na ɗaya. Akwai sunan mai duba aiki, da shugaban sashe, da shugaban makarantar manyan digirori, a wasu wuraren har da mai jarrabawa na waje. Shi kuwa na wajen ya koma garinsu tun ranar. Na ga ɗalibin da ya sa shafukan nan a ambulan ya ba direba a tasha ya kai wa farfesa a wata jiha, aka sa hannu, aka dawo da su ta wata motar, sun sha man ja a gefe, dole aka sake bugawa aka sake aikawa. Na biyu, taken kundi. Idan mai jarrabawa ya canza kalma ɗaya a take, to dole abin da ke jikin bango ya yi daidai da abin da hukuma ta amince da shi, harafi da harafi. Na uku, launin bango, kowace tsangaya ko kowane matakin digiri da nasa. Na huɗu, rahoton Turnitin na binciken satar rubutu, wani ya yi gyara amma bai sake gudanar da shi a kan kundin ƙarshe ba. Sai kuma kwas ɗin da aka faɗi. A manyan digirori yawanci 50 ne makin ci, ba 40 ba, kuma akwai wanda sai a wannan matakin ake gano yana da 47 a wani kwas tun shekarar farko.

Abin haushin shi ne ba kowa ne zai kira ɗalibi ya gaya masa ba. Fayil yana nan a ajiye, ɗalibi yana gida yana jira.

Abu_Safiyya:
To ai ka ga inda laifin yake. Kiran waya nawa ne?

Malam_Lissafi:
Ban musa ba. Amma mutum ɗaya ne yake riƙe da fayil ɗin ɗalibai masu yawa, ga ajinsa, ga nasa ɗaliban da yake dubawa. Shawarata dai ita ce ɗalibi ya bi fayil ɗinsa da ƙafa, cikin ladabi.

Issoufou_Damagaram:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ina karanta ku ina mamaki. Mu nan Nijar, ko a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko ta André Salifou a nan Damagaram, ranar sutunansi, wato ranar kare kundi, ita ce babbar rana. A bainar jama'a ake yi, iyaye da abokai duk suna cikin zaure. Ɗalibi ya gabatar da aikinsa, alƙalan jarrabawa su yi masa tambayoyi, sannan su keɓe su yi shawara. Idan suka dawo kowa ya miƙe tsaye, shugabansu ya karanta hukunci da darajar da aka ba aikin. Nan take sai guɗa, sai hotuna, sai a fito da abinci. Masu karatun likita ma a nan suke rantsuwa. Takarda tana zuwa daga baya, ita ma da nata jiran, amma babu wanda ke jiran wani biki kafin ya yi murna. Da a nan ne, Hajiya, da Inna ta riga ta sha bikinta.

Zee_Funtua:
Kai, wannan tsarin ya burge ni. Mu ranar difens ɗinmu daga kai sai malamai, sai lemo da naman kazar da ka sayo musu.

Ɗan_Kurmi:
Zee kin taɓo wata maganar. Wa ya ce dole ɗalibi ya ciyar da masu jarraba shi?

Hajiyar_Makaranta:
Babu inda aka rubuta. Wasu jami'o'in ma sun hana. Amma je ka ka ƙi ka gani, 'yan ajinku ne za su fara ce maka marowaci.

Dr_Jiran_Sanet:
Ku dubi sunana ku san halin da nake ciki 😅 Ni digiri na uku ne. Ranar da na kare, mai jarrabawa na waje da bakinsa ya ce min barka Dakta. Na fito 'yan uwa suna ta Dakta Dakta. Washegari shugaban sashe ya kira ni gefe ya ce kada in kuskura in rubuta shi a wata takarda ta hukuma sai Sanet ta amince. Mu namu sharuɗɗan ma sun fi na su Maman Hanif tsauri. Kafin a bar ni in kare, sai da na nuna maƙalun da na buga daga cikin aikin, kuma a mujallun da jami'a ta yarda da su. Wani abokina ya biya kuɗi aka buga masa a wata mujallar intanet cikin mako ɗaya, hukuma ta ce ba ta san da ita ba, ya koma ya faro daga farko.

Nazir_Gashuwa:
Kai da ka sha wuya an ce ka jira, amma wanda aka rataya wa digirin girmamawa ranar Asabar, ranar Litinin har allon ƙofar gidansa ya zama Dakta.

Baba_Mai_Ritaya:
Wannan tsohuwar rigima ce, ɗana. Tun 2012 shugabannin jami'o'in Najeriya suka zauna a Keffi suka fitar da matsaya a kan digirin girmamawa, ciki har da cewa a daina ba masu riƙe da muƙaman siyasa suna kan kujera. Bin matsayar ne ya zama aiki.

Ummu_Khairat:
Ni abin da ya fi ba ni haushi a bikin ma ke nan. Ranar manyan digirori ake haɗawa da masu digirin girmamawa. Kowannensu sai an karanta tarihinsa tun daga firamare, ga mabiya, ga maroƙa, ga jami'an tsaro sun tare hanya. Ku da kuka yi karatun kuna zaune a cikin riga mai kauri kuna zufa tun safe. Da aka zo kanmu masu digiri na biyu, shugaban makarantar ya tashi ya ce masu digiri kaza su miƙe, muka miƙe mu ɗari da wani abu, ya gabatar da mu a dunƙule, da waɗanda ke wurin da waɗanda ba su samu zuwa ba, ya ce an same mu mun cancanta a ɗabi'a da ilimi. Uban jami'a ya amsa, muka zauna. Ko sunan mutum ɗaya ba a kira ba. Masu digiri na uku ne kaɗai ake kira ɗaya bayan ɗaya su hau su gaisa.

Sannan Maman Hanif, katin gayyata ƙidayayye ne. Mu biyu aka ba kowa. 'Yan ankon nan naki duk a waje za su zauna a kan tabarma da kulolin abinci. Mahaifiyata ta shiga, amma daga inda aka zaunar da ita ko hulata ba ta hango ba.

Zee_Funtua:
Hular nan kuwa a kan hijabi sai da fil huɗu, in ba haka ba iska ta ɗauke ta.

Ɗan_Kurmi:
Tambaya don Allah, wane ne uban jami'a kuma? Na ɗauka shugaban jami'a ne ke bayar da digiri.

Malam_Lissafi:
Shugaban jami'a shi ke tafiyar da ita kullum, kuma shi ke jagorantar zaman Sanet. Uban jami'a muƙami ne na girmamawa, shi ke shugabantar bikin yaye ɗalibai. A jami'o'in tarayya an saba naɗa sarakuna, kuma a kai sarki wani yanki da ba nasa ba. Shi ya sa aka ba Sarkin Musulmi Jami'ar Ibadan, aka ba Obi na Onitsha ABU Zariya. Idan bai samu zuwa ba, sai wani ya tsaya a madadinsa.

Hajiyar_Makaranta:
Yaya Ummu, na ji duk abin da kika faɗa, amma kada mu raina bikin nan. Ke kin gaji da zufa, ita kuwa tsohuwa ba jawabi ta zo ji ba. Ni ce mace ta farko a gidanmu da ta wuce sakandare. Ranar da aka yaye ni, babana ya riƙe littafin bikin, ba ya karanta boko, ya ce a nuna masa inda sunana yake. Ƙanena ya ɗora masa yatsa a kai. Har ya rasu littafin yana cikin akwatinsa tare da takardun gona. Saboda haka ni ina ganin Maman Hanif ta dage sunanta ya shiga littafi, ko bana ko baɗi, kuma a kawo Mama ranar. Hoton bakin ƙofa ba zai ba da wannan ba.

Ummu_Khairat:
Allah ya jiƙan Baba. A nan kam ba ni da ta cewa.

Gwanin_Hoto:
Amin. Amma ko baɗin ne dai wurinmu za ku zo 😄

Maman_Hanif:
Na gode muku duka. Yau na koma makaranta, na bi shawarar Malam Lissafi na fara daga sashe. Fayil ɗina ya bar sashe tun tuni, a tsangaya ya tsaya. Wai akwai fom ɗin da mai jarrabawa na cikin gida zai sa hannu ya tabbatar ya ga gyaran, shi ne babu. Na same shi a ofis, ya duba, ya sa hannu, na mayar. Sun ce hukumar makarantar manyan digirori za ta zauna mako mai zuwa, amma zaman Sanet na gaba sai bayan biki. Wani ma'aikaci ya ce min wai shugaban jami'a yana iya amincewa a madadin Sanet a fitar da ƙarin jerin sunaye. Da gaske ana yin haka?

Baba_Mai_Ritaya:
Ana yi. Shugaban jami'a ya amince a madadin majalisa, idan ta zauna sai ta tabbatar. Amma ba don mutum ɗaya ake yi ba, kuma ba ɗalibi ne ke nema ba. Shugaban makarantar manyan digirori ne zai rubuta, idan ya ga waɗanda abin ya shafa suna da yawa. Ki bincika ku nawa ne a wannan halin. Idan kun kai wani adadi, ku rubuta takarda ɗaya ta hannun shugabannin sassanku.

Malam_Lissafi:
Ni dai ba zan sa miki rai ba. A wurinmu an fi yin irin wannan don 'yan digirin farko da za su tafi bautar ƙasa. A kan manyan digirori 'yan Sanet ba sa son a tsallake su, don nan ne ake tsayawa a duba fayil ɗaya bayan ɗaya. Ko an amince ma, idan littafi ya riga ya tafi maɗaba'a sai dai a saƙala ƙarin takarda a ciki.

Abu_Safiyya:
Ta gwada mana, Malam. Fom ɗin da ya ɓata ai ba ita ta ɓatar ba. Don me za ta biya kuɗin sakacin wani da shekara guda?

Malam_Lissafi:
Ban ce kada ta gwada ba. Cewa na yi kada ta sa Mama ta hau mota sai ta ga sunanta a rubuce.

Dr_Jiran_Sanet:
Maman Hanif, ki fara neman takarda daga makarantar manyan digirori mai nuna kin kare kundi kuma ana jiran amincewa. Wasu ma'aikatun suna karɓa su riƙe maka gurbi a ƙarin girma, wasu kuma sai ta Sanet. Ki kai wa mai kula da ma'aikata na ofishinku ki ji ta bakinsa tun da wuri.

Maman_Hanif:
To, zan je gobe in sha Allah. Na samu mutum biyar a tsangayarmu da ke cikin irin halina, muna haɗa takardar.

Rabi_Malumfashi:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Mu masu babbar difloma ta bayan digiri, wadda ake yi ƙarshen mako, mu ma sai an kawo mai jarrabawa daga waje? Kuma ranar manyan digirori ake yaye mu ko ranar 'yan digirin farko?

Baba_Mai_Ritaya:
Yawanci a cikin gida ake jarraba ku, kuma ranar manyan digirori ake yaye ku. Amma sakamakonku shi ma sai ya bi ta Sanet. Wace tsangaya kike?